Baburin Malam: littafin aikin gano asalin wani tsohon BSA

16 ga Nuwamba, 2024

Yau muka fito da baburin Malam daga ɗakin da ke bayan zaure a gidanmu na Zariya. Malam kakana ne na wajen uwa, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne tun zamanin En'e, kuma da wannan babur ya riƙa zaga ƙauyuka yana duba gonakin auduga da gyaɗa. Tun kafin a haife ni aka jingine shi a ɗakin nan, aka yi ta jibga masa tsofaffin tabarmi da buhuna har ya ɓace wa ido. Mu huɗu muka ɗauko shi cak, don tayar baya ta ƙi juyawa.

Abin da ya tayar da ni tsaye shi ne 'yan gwangwan. Sau biyu suna zuwa suna taya shi da kuɗin ƙarfe, a kan kilo. Na je na durƙusa gaban Kawu, wanda shi ne babba a gidan yanzu, na roƙe shi ya bar mini. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗauki. Amma kada ka mayar da shi abin da ba shi ba."

Saboda wannan magana na yanke cewa ko noti ɗaya ba zan saya ba sai na tabbatar da wane babur ne a gabana. Kowa a gida ɗan kore yake ce masa, kowa kuma ya haƙiƙance mai inji cc 125 ne. Daga nan zan fara.

23 ga Nuwamba

Na wanke shi da kananzir da tsumma kawai, ban kusance shi da samfefa ba. A jikin murfin inji haruffa uku sun fito raɗau: BSA. Kamfanin Birmingham Small Arms ke nan na Ingila, wanda maƙeran bindiga suka kafa a 1861, shi ya sa tambarinsa bindigogi uku ne a jingine da juna. Siffar injin ta nuna Bantam ne, ƙaramin baburin da suka fara fitarwa a 1948 suka daina a 1971. Sunan wani irin ƙaramin zakara ne.

Yaran unguwa da suka kewaye ni sun fi mamakin abu ɗaya: giya a ƙafar dama take, birkin baya a hagu, akasin duk baburin da suka taɓa hawa. Wannan yana da tushe. Asalin zanen injin na Jamusawa ne, na kamfanin DKW, samfurin RT 125. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu ƙasashen da suka yi nasara suka karɓe zanen a matsayin diyyar yaƙi. Amurkawa suka yi nasu a kamfanin Harley-Davidson, Rashawa suka yi nasu, Turawan Ingila kuma suka juya shi kamar yadda madubi ke juya fuska, don giya ta koma dama yadda suka saba. Har baburin farko na Yamaha, YA-1 na 1955, daga wannan gida ya fito. Na gaya wa yaran cewa wannan tsoho da suke wa dariya ɗan'uwan kakan baburan da ke yawo a titi ne.

Sanin cewa Bantam ne bai kai ni ko'ina ba tukuna, don Bantam ɗin ma dangi ne: D1, D3, D5, D7 da waɗanda suka biyo baya. Kayan wani yakan shiga jikin wani ya zauna daram, kuma a nan ne mai gyara ke ɓata babur yana ganin gyara yake yi.

7 ga Disamba

Na samo lambar firam, can ƙasa ta gaba kusa da inda inji ya ɗaure. Fenti ya cike ta har hawa biyu. Da tsinke da ɗan man birki na yi ta bi a hankali, kusan awa biyu, sannan na goga alli a kai na share, farin ya zauna a cikin ramin haruffan. Ta fara da BD2S.

Harafin S ɗin nan na nufin firam mai sifirin a baya, kuma ya dace da abin da ke gabana: wasu gajerun bututu biyu a tsaye, hagu da dama, gatarin tayar baya yana hawa da sauka a tsakiyarsu. Bantam na farko ba shi da komai a baya, ƙarfe ne zalla, sirdi kaɗai ke shanye gargada. A 1950 aka fara sayar da mai sifirin ga wanda zai ƙara kuɗi. BD2 kuwa daga 1953 aka fara buga shi. Ke nan baburin bai girmi 1953 ba.

Sai dai wannan lamba ba ta raba gardama. An ci gaba da yin D1 a kan firam mai BD2S har 1963, kuma D3 na farko shi ma wannan firam ɗin ya hau. Lambar inji ce za ta yi magana, ita kuwa tana ƙarƙashin wani daskararren baƙin mai da ƙura wanda ya zama kamar kwalta.

8 ga Disamba

BD3. Na share, na sake dubawa da tocila, na kira ƙanena ya karanta mini ba tare da na gaya masa abin da na gani ba. Shi ma BD3 ya ce. Injin D3 ne, wanda ake kira Bantam Major, mai 150.

21 ga Disamba

Wani abokina da ke harkar babura ya zo ya duba, ya ga lambar inji daban, ta firam daban, nan take ya ce ai an sauya inji, haɗe-haɗe ne kawai. Na fahimci dalilinsa, amma a nan bai yi daidai ba. A shekarun 1950 BSA ba sa daidaita lambobin biyu, kowanne da jerinsa yake fita daga ma'aikata. Sai a tsakiyar shekarun 1960 suka fara buga lamba ɗaya a inji da firam. Da na ga tsohon Bantam na wancan zamani mai lambobi iri ɗaya sak, shi ne zan fi zargi.

Abin da ya sa zuciyata ta buga shi ne wannan: D3 a 1954 ya fito. Daga 1956 aka sauya masa firam zuwa mai lilo da shokozoba biyu, irin wanda muka sani a baburan yau, aka kuma daina shi gaba ɗaya a 1957. Idan har injin nan da firam ɗin nan tare suka baro Ingila, to baburin Malam na cikin waɗanda aka yi a ɗan tsakanin nan na shekara biyu, 1954 da 1955. Amma lamba abu ce da ake iya bugawa da guduma, kuma ana iya ɗora tukunyar silinda ta 125 a kan gindin injin 150. Sai na buɗe na auna.

11 ga Janairu, 2025

Makonni uku na yi ina fama da sifana. Lamba 13 ba ta shiga, 14 tana zamewa tana cin kan noti. Na tsaya kafin in lalata ko ɗaya. Aka yi mini kwatancen wani tsohon makanike a Sabon Gari wanda ya daina aiki, 'ya'yansa ke riƙe da garejin. Na same shi a kan benci yana jin rediyo, hunturu ya sa ya naɗe kai da rawani.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, wani babur ne ya gagare ni kwancewa."

Ya ce, "Na Ingila ne ko?" tun ban faɗi sunansa ba.

Ya aiki jikansa ya ɗauko wani akwatin ƙarfe, ya zazzage shi a ƙasa. Sifanu ne baƙaƙe, sun sha hannu har suna ƙyalli. Ya ɗauki ɗaya ya nuna mini rubutun jikinta: 1/4 W a sama, 5/16 BS a ƙasa. Ya ce Turawan Ingila ba faɗin kan noti suke rubutawa a sifana ba, kaurin jikin kusar suke rubutawa. Na auna bakinta da na dawo gida, ya ɗan haura milimita 13 da kaɗan, daidai abin da ya hana tawa shiga. Ma'aunin Whitworth ke nan, wanda injiniya Joseph Whitworth ya tsara a 1841.

Abin da ya fi amfanata shi ne maganar zare. Ya ce yawancin kusoshin jikin irin wannan babur zarensu siriri ne, irin na keke, 26 a kowane inci, komai kaurin kusar. Duk inda na ga kusa mai zaren zamani, ko kai mai amsa lamba 10 ko 12 lafiya lau, to hannun makaniken gida ne ya bi ta wurin. Ya ce, "Yaro, kusa ba ta ƙarya. Bi ta ɗaya bayan ɗaya, za ta gaya maka wanda ya taɓa shi."

Ya ba ni aron sifanu biyar, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce in kawo masa baburin ya gani ranar da ya tashi. Na fito daga wurinsa ina tunanin yawan irin wannan sani da ke zaune a kan benci a garuruwanmu ba mai zuwa tambaya.

Tun daga ranar na ɗauki littafi na zana baburin gefe biyu, duk kusar da na kwance sai na sa mata alama: ta asali ko ta baya. Kowace kuma da ledarta da takardarta.

2 ga Fabrairu

Kan silinda ya fita ba gardama, amma fistin ya kafe. Na cika ramin da gas da baƙin mai na rufe da tsumma, kullum da safe in ɗan bubbuga da guntun katako. Kwana goma sha tara ya yi kafin ya motsa. Mutum biyu sun ba ni shawarar in sa wuta ko in doke shi da ƙarfe, na ƙi. Tukunyar da ta shekara saba'in ba a yi mata gaggawa.

Ga ma'aunin da nake nema. Duk waɗannan Bantam tafiyar fistinsu ɗaya ce, milimita 58, faɗin rami ne ya raba su. D1 yana da milimita 52, shi ke ba da cc 123 da ake kira 125. D3 yana da 57, wato 148. D5 da D7 suna da 61.5, su ne masu 175. Na sa ma'auni a bakin ramin, ya ba ni 57.5. Na kankare baƙin hayaƙin da ke kan fistin, sai ga +.020 an buga a kai. Wannan kashi 20 ne cikin dubu na inci, rabin milimita ke nan. Wato rami ne na 57 wanda aka taɓa faɗaɗawa sau ɗaya aka sa masa fistin na gaba da shi. Tukunya da gindi sun yi magana da murya ɗaya.

Na kira Kawu na gaya masa. Ya ce shi dai ya san an taɓa kai injin Kaduna a cikin buhu, ya yi mako biyu, Malam ya koma hawa keke har aka dawo da shi.

15 ga Fabrairu

Sauran fenti. Kore shi ne launin da aka san D1 da shi, wani kore mai haske kamar an gauraya shi da hazo, shi ya sa duk wanda ya ga namu yake cewa 125 ne. D3 kuwa ruwan toka ne mai haske, da ɓangare mai launin madara a gefen tanki.

Na cire tanki na kifa shi. A cikin kwarin da ke ƙasa, inda ya hau kan firam, inda burushin mai fenti ba ya kaiwa, ruwan toka ne. Na duba cikin madigadin baya, na duba ƙarƙashin maƙalin sirdi, na duba bayan akwatin kayan aiki. Ko'ina toka, a kwance sumul irin na ma'aikata, koren kuma a samansa da sawun burushi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne tokar da ke jikin firam ɗin kansa, don ita ce ta haɗa shi da injin.

Na tafi da hoton wurin Inna, yayar mahaifiyata, wadda ta fi kowa tsufa a cikin 'ya'yan Malam. Ban gaya mata abin da na gano ba, na ce kawai, "Inna, wane launi ne baburin Malam lokacin da kuke yara?"

Ba ta yi jinkiri ba ta ce, "Kalar kurciya. Daga baya ne ya sa aka shafa masa kore."

Sai ta ci gaba da kanta. Ta ce ita ce mai riƙe masa kwalbar baƙin mai in zai fita. Zai buɗe murfin tanki, ya juya shi, ya zuba man a wani ɗan kofi da ke manne a ƙarƙashin murfin, ya juye cikin fetur, sannan ya kama kan baburin ya girgiza shi hagu da dama. Da na dawo na juya murfin. Kofin yana nan. Injin mai bugu biyu ne, ba shi da wurin zuba mai daban, a cikin fetur ake gauraya masa, shi ya sa BSA suka yi ma'aunin a jikin murfi. Na daɗe riƙe da shi a hannu.

Yanzu ina iya rubutawa ba shakka: BSA Bantam Major D3, mai sifirin irin na farko, na tsakanin 1954 da 1955.

26 ga Fabrairu

Na zauna da littafin kusoshi na raba kayan gida biyu.

Na asali sun fi yadda na zata yawa. Wili biyun inci 19 ne yadda ya kamata, masu ɗaukar taya 2.75. Mitar gudu ta Smiths ce, mai siffar rabin wata, da mil take ƙirga, gilashinta ya tsage amma allurar tana nan. Maganeto na Wipac ne, sunan yana jikin murfinsa. Tanki, madigadi biyu, akwatin kayan aiki, sandar giya da ta kik, duk nasa ne.

Waɗanda suka shigo daga baya su ne kafireta, fitilar gaba, salansa, sirdi da kariyar ɗaura kaya ta baya. Kafiretar ta Japan ce, an yi mata ɗan wuya na alminiyam da hannu don ta zauna a mazaunin ta asali, ta kamfanin Amal, wadda aka cire. Duk wanda ya yi aikin nan gwani ne, har yanzu sawun zartonsa yana nan, a miƙe, ba ƙwarzane ko ɗaya. Salansa ta wani babur ce aka yanke aka yi wa walda. Fitilar roba ce, ba ta da wani tarihi, ita zan fara cirewa.

Kariyar ce ta tsayar da ni. Maƙerin gida ne ya yi ta da rodi, ta fi ta ma'aikata faɗi nesa, da ƙugiya huɗu a gefe. Kawu ya ce a kanta Malam ke ɗaure ma'auni da buhun iri, a kanta kuma shi kansa ya zauna ranar da aka kai shi makaranta.

Na kusa faɗawa hannun wani mai sayar da kaya ta intanet a ƙasar waje. Ya turo mini hoton kafireta ya ce Amal ce ta asali ta D3. Na ce ya ɗauko mini hoton lambar da aka buga a jikinta, sai ya turo hoton wani gefe. Na sake tambaya, ya ce ta goge. Jikin yana sheƙi kamar jiya aka zuba shi, amma lamba ta goge? Na bar shi. Sabon kwafi ba laifi ba ne idan an kira shi da sunansa, ni ma zan saya inda ba makawa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a sayar mini da kwafi da sunan tsoho.

20 ga Maris

Azumi ya sa na ajiye aiki mai nauyi. Bayan asham nakan zauna in wanke kusoshi goma-goma a cikin gwangwani. Na kai wili biyu Panteka a Kaduna, an miƙe su, an sauya waya shida da suka karye, sauran an bar su yadda suke.

12 ga Afrilu

Na rubuta wa ƙungiyar masu BSA ta Ingila, wadda ke duba tsofaffin littattafan fitar da kaya na ma'aikata ta ba mutum shaidar shekarar baburinsa. A irin waɗannan littattafai ake rubuta lambar firam, da lambar injin da aka haɗa shi da ita, da ranar da ya bar ma'aikata, da wanda aka aika wa. Na tura musu hotunan lambobin biyu da kwafin da na ɗauka ta hanyar goga fensir a kan takarda. Ina jiran amsa.

Kafin nan na buɗe maganeto. Kwantak ya yi tsatsa, na goge shi da takarda mai laushi, na daidaita tazararsa. Wayar fulogi ta bushe tana karyewa kamar kara, na sauya ta. Na jingina fulogi a jikin inji, na kashe fitilar ɗaki, ƙanena ya juya da hannu. A juyi na huɗu wuta ta fito, siririya, shuɗiya. Koyil ɗin da aka naɗa tun Inna tana riƙe kwalba har yau yana da rai.

3 ga Mayu

Na kai wa Kawu littafin, muka zauna a zaure muka bi shi shafi-shafi. Ga abin da muka tsayar.

Kore zai tafi, amma ba za a fesa sabon fenti ba. Zan bi shi a hankali in ɗaga koren in bar tokar da ta rage, inda ta ƙare kuma a shafa mai a bar ƙarfe yadda yake. Sabuwar toka za ta yi kyau a hoto, amma za ta binne shaidar da ta ba ni amsa. Ƙarƙashin tanki ko taɓa shi ba za a yi ba.

Fitila da salansa za a nemo irin nasu, ko tsofaffi ko kwafin da ya amsa sunansa, kuma zan rubuta a littafi wanne ne wanne. Kafiretar Japan za ta zauna har ranar da aka samu Amal mai lamba, in an samu kuma, ita da wuyanta na alminiyam za su shiga akwati tare da takardar bayani. Kariya tana nan inda take. Na san mai neman babur kamar yadda ya fito daga Birmingham zai ce ta ɓata shi. Wanda ya fito daga Birmingham wani ne, wannan na Malam ne, kuma Kawu ya ce in aka cire ta shi ba zai gane shi ba.

Zobban fistin na +.020 suna hanya, tare da robobin da ke toshe iska a gefen kiranshaf, don injin mai bugu biyu ba ya tashi in waɗannan sun bushe. Ranar da suka iso zan raba gindin injin gida biyu, aikin da na fi jin tsoro tun farko. Baba na Sabon Gari ya aiko jikansa ya ce kada in fara sai yana wurin, in aiko a ɗauko shi da safe kafin rana ta yi zafi.